Kyamarar da Ta Yi Shiru a Hanyar Bompai

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka China lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya dawo mana da kai da imaninka da mutuncinka. Ummanku ta ce in gaishe ka, ta kuma ce kada in rubuta maka komai ina cikin fushi. Gaisuwar na isar. Ɗaya saƙon kuwa ban yi mata alkawari ba, domin in na tsaya jiran fushin ya wuce, jirginku zai tashi ya bar ni ina jira.

Ka san ni ba mutumin takarda ba ne. Na zaɓi rubutu ne saboda duk sanda muka zauna kan maganar nan, kafin in kai tsakiya ka fara latsa waya, ni kuma muryata ta fara hawa, Ummanku ta leƙo daga ɗaki, magana ta mutu. Na sa takardar a jakarka ƙarƙashin kaftaninka mai ruwan toka, tare da wani ƙunshi a baƙar leda. Kada ka kwance ledar sai ka gama karatu.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Sharada, Malam Ado, abokina da muka yi tuƙi tare tun kana goye, ya ja ni gefe. Ya ce ka je majalisar direbobi ta bakin get ɗin kamfanin roba riƙe da kyamarar mota, irin wadda maigidanka zai tura ka ka yo masa odarta. Wannan ba laifi ba ne, kowa da hanyar abincinsa. Amma ya ce da ka ga suna jan ƙafa, sai ka ce musu: "Ku dubi Baba. Da yana da irin wannan a motarsa, da bai rasa aikinsa ba." Samarin direbobi suka yi ta gyaɗa kai, wasu har suka ce a sa su a layi tunda ɗan Malam Habu ne ya kawo. Tsofaffin kuwa suka sunkuyar da kai.

Sun sunkuyar da kai ne saboda sun san abin da kai ba ka sani ba. Ina da kyamara a ranar da na yi haɗarin, Abba. Tana manne a gilashin gabana, jan wutarta yana ƙiftawa. Kana makaranta a Wudil a lokacin, ni kuma ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin dalla-dalla ba, don ba labari ne mai daɗin faɗa ba. Amma tunda ka ɗauki sunana da ciwona ka kai kasuwa kana talla da su, dole ka san abin da kake sayarwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba.

A wancan lokacin ina jan babbar mota ta wani kamfanin jima a Challawa, ina kwasar fatun da aka gama in kai sito a Bompai. Ka san hanyar, ta Na'ibawa ka ɓulle Hotoro. Ka kuma san dokar titin Kano wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba: in babba da ƙarami suka haɗu, babba ne mai laifi. Ko ɗan adaidaita sahu daga sama ya faɗo ya sauka a kan bambarka, jama'a za su rantse kai ka bi shi. Saboda wannan na je na sayi kyamarar daga aljihuna. Kamfani bai sa ni ba, ni na ga ya kamata mutum ya samu shaidar da ba ta tsoron taro.

Na shiga shagon wani mutum a kasuwar waya, mai fara'a, carbi a hannu, irin masu kiranka Alhaji alhali ko filin jirgi ba ka taɓa takawa ba. Ya ɗauko min kwali mai sheƙi, ya kunna abar, ya juyo ta ya nuna min fuskata, har furfurar gemuna na gani ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi garanti. Ya dafa ƙirji ya ce ai shi ne garantin, ko me ta yi in dawo masa da ita. Ni kuma da girmana na yarda. Ban tambayi wane kamfani ya ƙera ta ba, ban duba ko akwai adireshi a kwalin ba. Da na duba daga baya, ba komai a jiki sai hoton wata jar mota a kan titin da ba shi da rami ko ɗaya.

To ka ji na farko. In ka isa can, za su kunna maka su nuna maka hoto tangaram, domin kowace kyamara tana da kyau ranar da aka fitar da ita daga kwali. Kada hoton ya ɗauke maka hankali. Ka tambayi wanda ya ƙera ta, ka ce a kai ka inda ake ƙerawar ka gani da idonka. Wanda ke sayo abu ɗaya a buhu yana manna masa suna daban-daban, yau wannan gobe wancan, ba kamfani ba ne, ɗan kwali ne. Ranar da kaya suka lalace zai sauya suna ya ci gaba da harkarsa, kai kuma fuskarka ɗaya ce, kuma duk Sharada an san gidan ubanka.

Na manna ta, ta yi aiki, ina ta nuna wa mutane kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sai bazara ta shigo. Ka san yadda jiran lodi yake a Challawa: fili ne fetal, ba inuwa, mota a jere tun safe har rana ta take, mu direbobi muna can ƙarƙashin rumfar mai shayi. In ka dawo ka buɗe ƙofa, sai ka sa tsumma kafin ka iya taɓa sitiyari. Ita kuwa tana nan manne a gilashi, ta kafa wa rana ido. Ta fara da mantuwa. Kullum na tayar da mota sai in ga kwanan wata ya koma wata shekara can baya da ko sayenta ban yi ba. In gyara, washegari ta sake mantawa. Daga nan bayanta ya kumbura kamar ƙosai. Ado ya gani ya ce kyamarata ta yi ciki, a shirya ragon suna. Muka yi dariya, ni ma na yi.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya min, shi ne akwai ɗan ƙaramin batir a cikinta irin na waya. Ita kyamarar daga mota take shan wuta, kuma gutsure-gutsure take ɗaukar hoto, kowane na 'yan mintuna. Aikin ɗan batirin nan ɗaya ne tak: in wutar mota ta yanke, ya riƙe ta na ɗan lokaci har ta rufe gutsuren da take kai ta ajiye shi a kati. Wannan batirin ne rana ta dafa. Mantuwar kwanan wata da kumburin, duk shi ne yake faɗa min ya mutu, ni ina ta dariya. Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya rushe.

Daga baya na ji akwai waɗanda ba batir a cikinsu, kafasita ake sa musu, ɗan'uwan wanda ake sa wa fanka, kuma su zafi ba ya kumbura su haka. Sun fi tsada, na sani. Su za ka nema. Kada ka yarda a gwada maka kaya a ofis mai sanyin na'ura, ana ba ka shayi a ƙaramin kofi. Ka gaya musu inda za ta zauna: bayan gilashin motar da aka rufe a tsakiyar rana a watan da ko ƙadangare yake neman inuwa. In mai kayan ya fara kame-kame, ka san bai taɓa tunanin mutanenmu ba sanda yake ƙera ta, kuma ba zai fara tunaninsu don ya ga kyakkyawar fuskarka ba.

Na koma wajen mai garantin ƙirji. Mutumin da ya kira ni Alhaji ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya nemi rasit, yana tsammanin na yar. Na ciro masa. Ya jujjuya kyamarar, ya taɓa kumburin, ya ce ai wannan ba laifin kaya ba ne, ni na bar ta a rana, garanti kuwa bai shafi rana ba.

Na ce masa: "Abar da aka yi don a manna a gilashin mota, a ina kake so in ajiye ta? A cikin randa?"

Ya yi murmushi ya juya ga wani mai sayen caja. Har yau ban manta murmushin nan ba.

Na kai ta wajen Sabi'u mai gyaran waya, wanda yake gyara min rediyo da tocila tun yana ƙaramin shago. Ya jujjuya ta yana neman noti, babu ko ɗaya. An haɗe ta da gam ne gaba ɗaya, kamar wanda ya yi ta ya rantse ba mai sake ganin cikinta. Sai da ya sa wuƙa, gefe ɗaya ya tsage. Ya ciro mataccen batirin ya zaga layin masu kayan gyara, ba wanda yake da girmansa. Ya gwada na wata na'urar kunne, bai zauna ba. Ya ce in haƙura in yar da ita. Akwai wata lambar waya a 'yar takardar da ta zo a kwalin, muka kira ba ta shiga. Manhajar da ake kallon hoton da ita a waya kuwa, da na sauya waya muka neme ta sama da ƙasa, ta ɓace, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Sai na yi abin da kowane direba zai yi. Na ga in mota tana kunne tana ɗauka, jan wutar yana ƙiftawa. Na naɗe ta da salatif na mayar da ita gilashi, na ce ai tana yi. Mu mutanen mota haka muka saba, ƙofa da igiya, madubi da waya, in dai abu yana motsi ba a yar da shi. Wannan ɗabi'ar ta rufa mana asiri a abubuwa da yawa, amma ba ta yi a kan abin da aka ajiye don shaida ba.

Saboda haka ka buɗe kunnenka. Kada ka kawo wa mutane abin da ba a iya kwancewa. Ka juya ta ka nemi noti da idonka. Ka sa a buɗe ta a gabanka da sukuddireba, a mayar, ta tashi. Duk abin da yake lalacewa a jikinta, wayar wutar, abin mannewar, murfin, kafasitan, ka sa a zubo maka su cikin kaya ɗaya, kada ka yarda da za a aiko daga baya. Ka nemi irin su Sabi'u tun kafin kaya su iso, a nuna musu cikinta. Ka tambayi manhajar wa yake kula da ita, kuma in wayoyi suka sauya za a gyara ta ko za a bar mutane da kwalin banza. Sannan ka tambayi kanka, ba su ba: in direba ya taso daga Challawa da kyamara a hannu ta daina aiki, ƙofar wa zai buga, wayar wa za ta yi ƙara? In ba ka da amsa, ba kasuwanci za ka yi ba, jefa mutane a rami za ka yi kana musu fara'a.

Yanzu ranar. Bayan la'asar ne, na wuce Hotoro na shiga layin sito-siton Bompai, mota cike da fata, ina tafiya a hankali a hannuna. Wani ɗan sahu ya sauke fasinja a gefen dama. Maimakon ya duba, sai ya yanko titi zai juya ya koma inda ya fito. Na taka birki har ƙasa, na danna hon. Amma mota mai lodi ba keke ba ce. Na taɓa bayansa, adaidaitar ta kife, hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashi. Sunansa Isuhu, mutumin wajen Gumel, magidanci mai 'ya'ya. Allah Ya sa ba kowa a bayansa.

Kafin in sauko jama'a sun cika wajen. Fetur yana zuba daga adaidaitar, warinsa ya cika hanci. Wani bawan Allah ya ruga gefen motata ya cire kan batir, don kada wuta ta tashi. Haka ake yi, kowa ya sani. Ni kaina na yi wa wasu haka ba sau ɗaya ba, na kuma koya wa na baya cewa in aka yi haɗari, abu na farko a cire kan batir. Har godiya na yi masa. Wallahi ban ga laifinsa ba har gobe, alheri ya yi niyya.

'Yan sahu suka taru, an fara ɗaga murya, wani ya riƙe min wuyan riga. Na ɗaga hannu na nuna gilashi na ce akwai kyamara, a bari hukuma ta gani. Wannan maganar ce ta sa suka sake ni. Aka ɗauki Isuhu zuwa asibiti, ni aka tafi da ni ofishin 'yan sanda, kuma ina gaya maka a hanyar nan hankalina a kwance yake ta wajen laifi. Tausayin mutumin ne kawai yake cina.

Jami'in da aka ba aikin mutum ne mai haƙuri, ban ga komai a wajensa ba sai kirki. Ya sa katin a kwamfuta muna kallo tare. Ga ni ina fita daga get a Challawa. Ga cunkoson Na'ibawa, ga wani mai tura kura da ya tare hanya, ga Hotoro. Kowane gutsure yana buɗewa tsaf, sai dai duk suna ɗauke da shekarar da ba ita ba. Muka zo na ƙarshe. Sunansa yana nan a jere da 'yan'uwansa, amma ya ƙi buɗewa. Ya danna, ya sake dannawa, ya kira abokin aikinsa ya gwada. An yanke mata wuta tana tsakiyar ɗauka, ba batirin da zai riƙe ta ta rufe. Ya zare katin ya miƙo min ya ce: "Malam, ba komai a ciki." Na yi yawo da katin nan wajen masu kwamfuta har na gaji, kowa ya gwada ya girgiza kai.

Ta ɗauki mai kura, ta ɗauki bayan motocin mutane, ta ɗauki duk abin da ba wanda zai taɓa tambaya. Abu ɗaya da na saye ta dominsa, shi ne ba ta ajiye ba.

Sauran ka san shi sama-sama. Manya suka shiga, aka yi sulhu, kuma sulhun titi ka san inda yake karkata. Kamfani ya ɗauki nauyin magani, sannan manaja ya kira ni ya ce ba wai sun ce ni ne da laifi ba, amma 'yan sahun layin sun riga sun san motar da direbanta, gara in huta. Na yi shekara da shekaru a kan sitiyari ban taɓa taka ko kaza ba. Yau ni ne nake buɗe wa wasu get a Sharada, yaran da na koya wa ribas suna ɗaga min hannu daga sama. Ban raina aikin ba, da shi aka ƙarasa biya maka makaranta. Amma kada wani ya ce min ba ciwo.

Na koma shagon mutumin nan da kyamarar a aljihu, ba don ya biya ni komai ba, so nake kawai ya san abin da kayansa suka jawo. Na tarar ya daina sayar da kyamara, ya koma rigunan waya da turare. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce kayan wuta ba su da tabbas, ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara, Abba, mai daɗi da marar daɗi. Amma na tsani mutumin da zai sayar maka da abin da ya san ba mai gyara shi, ba mai amsa waya a kansa, sannan in ta ɓaci ya ɗauko ƙaddara ya yafa a kafaɗa kamar babbar riga. In ka taɓa faɗa wa wani direba wannan kalmar a kan kayan da ka sayar masa, ka sani ba daga gidana ka koyo ta ba.

To ga inda ka shigo. Kyamarar da ka kawo gida tun farkon bazara ka ce in gani, ka ɗauka na jefa ta a durowa. Na kunna ta bayan ka fita. Ƙarar da ta yi da ta tashi, ita ce ƙarar da na sha ji kowace safiya a motata. Na juya bayanta, ba noti. Sunan da ke jiki ne kawai daban. Da na fara yi maka magana, ka ce min: "Baba, wannan sabon samfuri ne, ku ba ku san su ba." Ka ƙara da cewa maigida ya ce mai araha ita ke tafiya a kasuwa. Ban ja da kai ba. Na ba Ado ita ya manna a gilashin motarsa, ta sha ranar Challawa kamar yadda tawa ta sha. Ranar Juma'ar nan, bayan ya gama ba ni labarin tallarka, ya ce min akwai wata maganar kuma: sabon samfurin ya fara manta kwanan wata.

Na san za ka ce kai ɗan aike ne, dukiyar ba taka ba ce. Gaskiya ne. Amma maigidanka ba zai taɓa tsayawa a bakin get ɗin Sharada ba, bai san sunan direba ko ɗaya ba, su ma ba su san shi ba. Kai suka sani, kuma ta dalilina suka san ka. Ka kira shi daga can cikin ladabi ka faɗa masa abin da ka gani, ka ce mai araha tana tafiya amma tana dawowa, kuma a ƙofarka za ta dawo. In ya ji, alhamdulillahi. In ya ce lallai sai wannan, ka yo masa sauran sayayyarsa, ka ce a nemi wani a kan kyamarar. Ko da zai sallame ka ne, ka dawo gida. Albashin mai buɗe get ba shi da yawa, amma bai taɓa kasa tuwo ba, kuma ɗakinka yana nan.

Akwai abin da na yi wanda gara ka ji daga bakina. Da muka rabu da Ado, ban wuce gida ba. Na tafi majalisar da kaina, na zauna a kan bencin da ka tsaya a gabansa, na ba samarin nan labarin da na ba ka yanzu, tun daga kwali mai sheƙi har zuwa katin da ba komai a ciki. Na ce musu kada wanda ya karɓi kyamara a hannunka sai ka dawo na kwance ta da sukuddireba a gabansu, mun manna ta a mota, ta sha rana, mun cire kan batir tana tsakiyar ɗauka, mun ga ta ajiye. Wani ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin uban da ya ɓata wa ɗansa kasuwa ba. Ummanku da ta ji, ranar ko sannu ba ta ce min ba. Kai ma za ka yi fushi, ka yi. Na fi son ka yi fushi da ni a jirgi da a riƙe maka wuyan riga a titi.

Yanzu ka kwance ledar. Ita ce, da salatif ɗinta da tsagewarta. Duk ofishin da ka shiga a can, kafin a ba ka shayi, ka ɗora ta a kan tebur. Ka ce ta mahaifinka ce, ka faɗi abin da ta yi, ka tambayi mutumin in tasa ce ta yi haka a Kano wa zai gyara, wa zai amsa. Ka kalli fuskarsa sosai sanda yake ba ka amsa. In ya yi irin murmushin nan, ka ɗauki abarka ka tashi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ummanku. Isuhu ya warke amma hannun bai dawo ba. Yanzu rake yake sayarwa a bakin titin nan na Bompai, ba nisa da inda abin ya faru. Bai tuna komai na lokacin ba, ya ce daga sauke fasinja sai farkawa ya yi a gadon asibiti, abin da jama'a suka gaya masa shi ya riƙe. Mutumin kirki ne. Duk sanda hanya ta bi da ni ta wajen, sai ya taso ya kama hannuna da hagunsa, ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce:

"Malam Habu, kada ka sa komai a ranka. Ni fa na yafe maka, duniya da lahira."

Ni kuma in ce na gode. Me zan ce? In tsaya a gaban mutumin da ya rasa hannu in ce masa kai ka yanko titi, da wace shaidar? Sai in karɓi yafiyar, in karɓi raken da yake tura min, in tafi. Rasa aikin bai kai wannan ciwo ba. Ba na so wata rana wani direba ya tsaya a titi ana yafe masa laifin da bai yi ba, alhali kayan ɗana ne manne a gilashinsa suna ƙifta jan wuta.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu daɗin baki. Ka kula da sallarka a kan lokaci ko ba ka ji kiran salla ba, ka lura da abin da kake ci, ka kira Ummanku da zarar ka sauka, ita ba ta yi maka komai ba. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya sa abin da za ka ɗauko ya zama wanda za ka iya tsayawa a bayansa. Ina jiranka a bakin get, sukuddireban yana aljihuna.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu